Sabon maganin kansar furostat da ake yayatawa: mu sayar da gona mu fita da Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga nan Damagaram nake. Mahaifina yana da shekara 69, ya daɗe yana fama da matsalar fitsari da ciwon baya. An yi gwaje-gwaje an ce kansar furostat ce, wato ɗan ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma ta kai ƙashi. Likita ya ce ko dai a riƙa yi masa allura duk wata uku, ko a yi masa ƙaramin aiki a maraina. Baba ya ce sam. To sai aka turo mana wani bidiyo a WhatsApp ana cewa Turawa sun samo sabon maganin da ke bin ciwon har cikin ƙashi ya ƙone shi. Mu ƴaƴansa muna shawarar sayar da gona da ƴan shanun da ke akwai mu fita da shi waje. Labarin gaskiya ne? Mu jira har kuɗi su haɗu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya saka muku da alheri kan wannan ɗawainiya. Ban duba shi ba, ban ga takardunsa ba, don haka maganata ba za ta maye gurbin ta likitan da ke ganinsa ba. Amma zan fara da ƙarshen tambayarka, domin shi ne ba ya son jinkiri. Kada ku jira. Ko da daga baya za ku fita da shi, a fara maganin da likita ya ambata tun yanzu. Duk asibitin kirkin da za ku je a duniya, Tunis ne ko Indiya ko Faransa, da wannan maganin za su fara, sauran duk a kansa ake ɗora su.

Maganin da ya fi dacewa da yadda ka kwatanta bidiyon shi ne wanda ake sayarwa da sunan Pluvicto, na kamfanin Novartis. Akwai shi, ba ƙirƙira ba ce. Yawancin ƙwayoyin kansar furostat suna da wata alama a jikinsu da ake kira PSMA. Masana suka haɗa wani sinadari mai manne wa wannan alama, suka ɗaura masa lutesiyom 177, wani ƙarfe mai fitar da ƙarfin nukiliya. Idan aka yi allurar ta jijiya sai ya bi jini, ya je ya manne duk inda ciwon ya yi gida, ya gasa shi daga ciki. Na san irin hotunan da ake nunawa: a hagu jikin mutum ne cike da baƙin ɗigo-ɗigo tun daga haƙarƙari har ƙugu, a dama kuma jikin ya yi fes bayan allura. Waɗannan hotunan ma yawanci na gaskiya ne. Abin da ba a faɗa shi ne hoton wanda maganin ya fi yi wa aiki ake zaɓa, kuma ba a dawowa bayan shekara a nuna maka yadda ya ƙare.

Babban binciken da ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2022 ana kiransa VISION, an fitar da sakamakonsa a 2021, kuma mutum 831 aka yi shi a kansu. Dukkansu mutane ne da ciwon ya bazu, an ba su magungunan rage sinadarin maza har sun daina aiki, an kuma yi musu shimiyo, wato maganin kansa da ake sakawa a ƙarin ruwa. Aka raba su kashi biyu. Waɗanda aka ƙara wa sabon maganin, tsaka-tsakin abin da suka rayu wata 15.3 ne. Waɗanda ba a ƙara wa ba, wata 11.3. Tsaka-tsaki a nan yana nufin rabinsu sun haura wannan adadi, rabi ba su kai ba. Wata huɗu ke nan tsakani. Jaridu kuwa da wani adadi daban suka yi kanun labari, wai maganin ya rage haɗarin mutuwa da kashi 38 cikin ɗari. Shi ma daga binciken ya fito, lissafi ne na masana mai kwatanta saurin mace-mace a rukunin biyu. Sai dai mai sauraro abin da yake ji shi ne mutum 38 cikin ɗari sun warke, alhali binciken bai ce ko ɗaya ya warke ba.

Ba na raina wata huɗu. Wata huɗu na iya zama mutum ya aurar da autarsa, ko ya ƙara riskar azumi ɗaya, kuma da yawa a cikinsu sun samu sauƙin ciwo a tsawon lokacin. Ci gaba ne na gaskiya, kuma a 2025 an faɗaɗa izinin amfani da shi ga wasu da ba a kai ga yi musu shimiyo ba. Amma har a wannan faɗaɗawar, sharaɗin yana nan: sai magungunan rage sinadarin maza sun gaza. Baba bai ma fara su ba, domin allura ko aikin da likitansa ya ambata shi ne matakinsu na farko.

Sannan ga abin da bidiyo ba ya ɗaukowa. Kafin a ba mutum maganin sai an yi masa wani hoto na musamman da ke tabbatar da cewa ciwonsa yana da alamar PSMA ɗin, kuma ba mu da wannan na'ura a Damagaram. Shi kansa lutesiyom ɗin, duk bayan kwana bakwai ba cikakku ba rabin ƙarfinsa ya tafi, don haka ba abin da wani zai sayo ya zuba a jaka ya kawo maka ba ne. Sai a cibiyar da aka tanada domin irin wannan aiki. Allura shida ake yi idan jiki ya ɗauka, mako shida tsakanin kowace da kowace, wato fiye da rabin shekara kuna zaune a ƙasar mutane ko kuna kai da kawowa. Farashin da aka sa masa a Amurka ya haura dalar Amurka dubu 40 kowace allura, sama da sefa miliyan 20 ke nan, ban da hoto da masauki da jirgi. A Afirka ta Kudu da Indiya ana yin irinsa da rahusa fiye da haka, amma har yanzu kuɗi ne da gona da shanu ba kasafai suke cikawa ba. Yana kuma busar da baki, yana kawo kasala, yana rage jini.

Abin da ke damuna da irin wannan labari shi ne ba yau aka fara ba, kuma kusan hanya ɗaya yake bi kullum. A 2010 an yi ta shelar wani magani mai suna Provenge, ana kiransa rigakafin kansar furostat, duk da cewa ba ya hana kamuwa, masu ciwon ake ba. Ya ƙara kusan wata huɗu shi ma, a kan dalar Amurka dubu 93, kuma a 2014 kamfanin da ke yin sa ya karye. Aka zo kan na'urar tiyata ta da Vinci, wadda likita ke sarrafa hannayenta yana zaune a gefe. Asibitoci masu zaman kansu har yau da ita suke talla. Da aka gwada ta da gaske a Ostireliya, aka raba mutum 326 tsakanin aikin na'ura da aikin hannu, sai aka ga mai aikin na'ura ya fi saurin tashi kuma bai zubar da jini sosai ba, amma wajen riƙe fitsari da ƙarfin namiji, bayan shekara biyu babu wani bambanci. Gwanintar likitan ta fi na'urar tasiri. Kuma ka lura, cire furostat aiki ne na wanda ciwonsa bai fita ba. Duk wanda ya ce muku zai cire wa Baba ita ya warke, bai karanta takardunsa ba ko kuma kuɗinku yake kallo. Gashi da furoton, wani nau'in ƙona kansa da na'ura, shi ma haka: cibiyoyi masu tsadar gaske, amma binciken da aka bayyana a 2024 kan mutum 450 bai nuna ya fi gashin da aka saba ba. Har bitamin E an taɓa yi wa wannan shela, cewa yana kare maza daga ciwon. Da aka bi maza sama da dubu 35 a binciken SELECT, sai ga shi a 2011 masu shan sa sun fi kamuwa da kashi 17 cikin ɗari.

Me ya sa haka ke ta faruwa? Labarin yakan fito ne daga sanarwar kamfani ko ta jami'a, ko daga babban taron likitocin kansa da ake yi a Shikago kowace shekara wajen farkon watan Yuni. Kamfani yana son hannun jarinsa ya tashi, jami'a tana son kuɗin bincike, ɗan jarida yana son a karanta. Ba lallai wani ya yi ƙarya a cikinsu ba, kowa dai yana ɗan ƙara gishiri. Wasu masu bincike a Amurka sun taɓa tattara labarai 94 da suka kira maganin kansa da manyan kalmomi irin su mu'ujiza da juyin juya hali, a cikin ƴan kwanaki kawai na 2015. Magunguna 36 aka yi wa wannan kirari. Rabinsu hukuma ba ta ma amince da su ba a lokacin, kashi 14 cikin ɗari kuwa ko a jikin ɗan Adam ɗaya ba a gwada su ba, a ɓeraye ne da kwalaben ɗakin gwaji. Wani binciken na 2019 ya duba bidiyo 150 na YouTube kan wannan ciwo, ya samu bayani mai ɓatarwa ko mai son kai a kashi 77 cikin ɗari, ko dai a bidiyon ko a maganganun da ke ƙarƙashinsa. Wannan a harshen da aka yi binciken ke nan. Kafin labari ya iso mana an juya shi daga Ingilishi zuwa Faransanci ko Hausa, wani ya taƙaita, wani ya karanta da murya ya ɗora a kan hotuna. A kowane mataki sharuɗɗan ne ke zubewa: su wa aka gwada, a wane matakin ciwo, wata nawa aka ƙaru. Abin da ke isowa wayarka shi ne "an samo magani".

Wataƙila ka tuna wanda ya zagaya a 2022, cewa an samu maganin da ya warkar da duk waɗanda aka gwada shi a kansu. Gaskiya ne ciwon ya ɓace a jikinsu duka. Amma mutum 12 ne a rahoton farko, kansar ƙarshen hanji ce, kuma wani nau'inta na musamman da ƙalilan ke da shi. Da aka gwada wani magani ɗan gidansu a kan kansar furostat a manyan bincike, bai yi abin da aka sa rai ba, aka dakatar. Mun sha ganin mutane sun zo da wannan labarin a waya suna tambaya ko za a samo musu. Idan irin wannan ya sake zuwa, tambayoyin da za ka yi ba su da wuya: a mutane aka gwada ko a ɓeraye, mutum nawa, da me aka kwatanta shi, kuma rai ya ƙara wa mutane ko lambar PSA, wato gwajin jinin da ake bin ciwon furostat da shi, kawai ya saukar a takarda. In bidiyon bai amsa ko ɗaya ba kuma akwai lambar waya a ƙarshensa, talla ce.

Yanzu bari mu dawo kan abin da likitan Baba ya ce, domin a nan maganar take. Furostat ɗan ƙulli ne mai kamar girman goro, yana ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Kansar da ke fitowa a cikinsa da sinadarin maza take girma, wato testosteron, wanda maraina ke samar da mafi yawansa. A 1941 wani likita a Shikago, Charles Huggins, ya nuna cewa idan aka yanke wannan sinadari ciwon yana ja da baya ko da ya kai ƙashi, aka ba shi lambar Nobel a kan haka a 1966. Fiye da shekara 80 ke nan, kuma har yau babu wani magani guda da ke yi wa mai irin ciwon Baba abin da wannan ke yi. Mafi yawan marasa lafiya suna amsawa. Na ga dattijon da aka shigo da shi a tabarma, mutum huɗu riƙe da kusurwoyinta, robar fitsari a jikinsa, jakar an ɗaure ta da igiya a ƙarƙashin riga, ko juyi ba ya iya yi sai ya yi ƙara. Bayan ƴan makonni da fara magani ya shigo da ƙafarsa yana dogara sanda, yana tambaya ko zai iya komawa sallah a tsaye. Wannan ba abin mamaki ba ne a wajenmu, abu ne da ake gani. Ba ya warkarwa, dole in faɗa maka. Idan shi kaɗai aka yi, sau da yawa ciwon yakan koyi girma ba tare da sinadarin ba bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wasu kuma su daɗe fiye da haka nesa ba kusa ba. Amma babu mai ɗaukar bidiyon wannan magani, saboda tsohon magani ne kuma ba mai cin riba da shi.

Ka gaya wa Baba wannan ma. A watan Mayu na 2025 aka sanar cewa tsohon shugaban Amurka Joe Biden yana da kansar furostat mai tsanani da ta kai ƙashi. Mutumin da babu maganin da ya fi ƙarfinsa a duniya, abin da aka bayyana ana yi masa shi ne maganin rage sinadarin maza, daga baya aka haɗa da gashi. Shi ne dai abin da aka yi wa Baba tayi a nan garin.

Allura da aiki, wajen danne ciwon ɗaya suke. Bambancinsu a rayuwa ne. Allurar ana yin ta duk wata ko duk wata uku har illa ma sha Allahu, tana da tsada, tana son a adana ta yadda aka ce, kuma ranar da kuɗi suka yanke ko ta yanke a farmasi sinadarin zai dawo, ciwon ya biyo shi. Wasu nau'o'inta kuma a makon farko sukan ɗaga sinadarin kafin su saukar da shi, shi ya sa ake fara ba da ƙwayar bikalutamid kafin allurar farko. Ga mai ciwo a ƙashin baya wannan ba abin wasa ba ne. Aikin kuwa sau ɗaya ne, ba ya ɗaukar lokaci, ba sai an sa mutum barci gaba ɗaya ba, kuma cikin sa'o'i sinadarin yake faɗuwa. Ga iyalin da ke lissafin sayar da gona, sau da yawa aikin ya fi zama alheri, domin kuɗin da za a zuba a allura sai a juya su ga abin da zan ambata a gaba.

Na fahimci ƙin da Baba ya yi, kuma kada ku ɗauke shi taurin kai. Dattijo mai iyali ya ji an ce za a taɓa wannan wuri, abin da ke zuwa masa a rai shi ne mutuncinsa, da abin da za a ce a gari, da yadda zai kalli iyalinsa. Yawanci ma a gaban ƴaƴa aka faɗa masa, ga kunya, ba zai iya tambayar abin da ke cin sa ba. Ku nema masa ganawa da likita shi kaɗai, ko da wani amininsa sa'ansa, ku ku tsaya a waje. A bayyana masa cewa akwai hanyar da ake cire naman ciki kawai a bar fatar da ke lulluɓe da shi, ta yadda siffar wurin ba ta ɓacewa gaba ɗaya, kuma babu wanda zai sani sai wanda ya gaya wa. A kuma gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: sha'awa za ta ragu ƙwarai, ƙarfin namiji zai tafi ko ya yi rauni, zai riƙa jin zafi na taso masa da gumi, ƙashi na iya yin rauni a hankali. Allurar ma duk wannan take kawowa, ba ta kuɓutar da shi daga ko ɗaya. Idan ya ji duka ya ce allura yake so, haƙƙinsa ne, a yi masa, ku kuma ku tsara yadda ba za ta yanke ba. Abin da ba na so shi ne bidiyon ya zama mafakar da zai ce a bari sai an fita waje, wata uku su wuce, wata shida su wuce.

Akwai kuma ci gaban da ya shafi Baba kai tsaye, wanda bai samu rabin shelar da Pluvicto ya samu ba. Likitoci sun gano cewa magungunan da a da ake ajiyewa sai ƙarshe, idan aka ba da su tun farko tare da rage sinadarin maza, amfaninsu yana ninkuwa. Dosetaksel, maganin shimiyo ne, a 2004 da ake ba da shi a ƙarshe wajen wata biyu da rabi yake ƙarawa. Da aka ba da shi tun farko a binciken da aka wallafa a 2015, tsaka-tsakin rayuwa ya tashi daga wata 44 zuwa 57.6. Ƙwayar abirateron ma haka: a binciken LATITUDE, na masu ciwo mai tsanani da ya bazu tun ranar da aka gano shi, daga wata 36.5 zuwa 53.3. Kwatanta wannan da wata huɗun da ake ta yayatawa. Abirateron yanzu kamfanoni da dama ke yin ta, musamman a Indiya, farashinta ya sauko sosai, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ana shan ta tare da ƙaramin firednizon, ana bin hawan jini da gwajin hanta da gishirin fotasiyom. Ƙa'idarta ƙwaya huɗu ce da cikin da ba abinci, amma wani ƙaramin bincike na 2018 ya nuna ƙwaya ɗaya bayan ɗan karin kumallo marar maiƙo na iya yin aiki kusa da haka, abin da ke rage kuɗin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan shawarar likita ce, kada ku yanke ta da kanku, kuma kada ku saye ta a hannun wanda ba ku san inda ya samo ba, jabu sun yi yawa. In za a kashe dukiya, tambayar da za ku kai wa likita ita ce ko jikin Baba zai ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan biyun.

Ga ciwon ƙashi da ya tsaya wuri ɗaya ya ƙi jin magani, gashi yana taimakawa, wani lokaci ma zama ɗaya ya isa. Tun 2021 ana yin gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai. Tafiyar kusan kilomita 900 ce, ba sauƙi ga mai ciwon baya, amma ta fi Indiya kusa, kuma likitansa ne zai rubuta takardar turawa. Ku kuma daina saya masa diklofenak da makamantansa a tire. Mutumin da fitsarinsa ke tarewa ƙodarsa tana cikin haɗari tun asali, waɗannan ƙwayoyi suna ƙarasa ta. Idan ciwo ya kai a ba da mofin, wato maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, ku karɓa. Ba alamar an sallama shi ba ce, kuma barcin dare da cin abinci suna cikin magani.

Ban ce fita waje haramun ba ce. Wanda yake da hali ba tare da ya tagayyara iyalinsa ba, ya je bayan an fara magani a nan, da takardar likita mai bayanin abin da ake nema. Amma ku yi hattara da dillalai masu cewa a turo kuɗi tukuna kafin wani likita ya ga takardu, wannan cinikin biri a sama ne. Ku nemi asibitin ya rubuto abin da zai yi, da dalili, da kuɗinsa, ku nuna wa likitan nan. Mun ga iyalan da suka dawo da takardar magani mai ɗauke da allurar nan ta wata uku da aka yi musu tayi tun farko, gona ta tafi, kuɗin ci gaba da allurar ma babu. Gonar nan ita ce za ta ciyar da Baba da mahaifiyarku a shekarun da muke fatan maganin zai ba shi.

Masu maganin gargajiya ma sun koyi hawa kan waɗannan labarai, za ka ji ana cewa Turawa sun tabbatar da ganye kaza. A Amurka an taɓa sayar da wani haɗin ganye mai suna PC-SPES da ke saukar da PSA da gaske, har likitoci suka fara sha'awarsa. A 2002 aka janye shi daga kasuwa bayan an gano an cakuɗa shi da magungunan asibiti a ɓoye, ciki har da mai tsinka jini. In Baba yana shan wani jiƙo, ku kawo shi likita ya gani, ba don a yi muku faɗa ba, don hanta ɗaya ce za ta ɗauki jiƙon da abirateron.

Kai da ƴan'uwanka maza kuma maganar ta shafe ku. Wanda mahaifinsa ya yi wannan ciwo haɗarinsa ya kai ninki biyu, kuma baƙar fata sun fi kamuwa. A Ingila lissafinsu namiji ɗaya cikin huɗu ne a baƙaƙe, ɗaya cikin takwas a sauran jama'a. Daga shekara 45 ku fara maganar gwajin PSA da likita. Lambar takan hau saboda ciwon sanyi ko robar fitsari ko kumburin furostat na tsufa wanda ba kansa ba ne, don haka hawanta ba hukunci ba ne. Ko an samu ciwon da wuri ma ba kullum ake gaggawar aiki ba: a binciken ProtecT na Ingila, mutum 1,643 da aka raba tsakanin tiyata da gashi da sa ido kawai, bayan shekara 15 kusan kashi 3 cikin ɗari ne ciwon ya kashe a kowane rukuni, ko da yake ya fi bazuwa a rukunin sa ido.

Abu na ƙarshe, kuma ku sanar da duk wanda ke kwana da Baba. Ciwon da ke ƙashin baya na iya danne lakar da ke ciki. Idan ciwon bayan ya tsananta farat ɗaya, ko ƙafafunsa suka yi nauyi ko suka mutu, ko ya fara tuntuɓe, ko fitsari da bayan gida suka tsaya ko suka fara zuba bai sani ba, kada a jira gari ya waye, kada a kai shi wajen mai ɗori ko mai tausa. A kwantar da shi a miƙe a kawo shi babban asibiti da takardunsa, kuma tun a bakin ƙofa a faɗa cewa yana da kansar furostat da ta kai ƙashi, domin a irin wannan hali sa'o'i ne ke raba wanda zai sake tafiya da wanda ba zai sake ba.